Iska Ce Ko Hauka, Ko Kuwa Ciwo Biyu Ne A Kai Guda?

A ƙasarmu ta arewacin Kano, inda gona take manne da gona, gida kuma yake hango gida, ciwo ba ya ɓoyuwa. Ranar da wani ya fara surutai shi kaɗai, ko ya fita tsakar dare yana bin kunyoyin dawa, kafin hantsi magana ta kai bakin rijiya. Can kuwa tambaya ɗaya ake yi: iska ce ko hauka? In an ce iska ce, kowa ya san ƙofar da za a nufa, mai bi ya tafi wurin Fasto, wanda ba mai bi ba ya tafi wurin boka. In an ce hauka ne, sai a nemo mari da igiya, mai hali kuma ya nemi motar da za ta kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, can bakin hanyar Katsina. Ba mu taɓa jin wanda ya ce duka biyu ne ba. Mutanenmu sun ce taura biyu ba ta taunuwa, haka kuma muke ɗaukar ciwon kai: ɗaya ne, a nemi sunansa a huta.

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, wannan zato ya kusa ja mana asarar rai guda a ikkilisiyarmu. Shi ya sa muka nemi izinin dangin mai ciwon mu ba ku labarin. Sunanta da na ƙauyenta za mu bar su a rufe.

Yarinyar da takan tafi ta bar mu

A shekara ta 2009 tana aji huɗu a makarantar ikkilisiya inda muke koyarwa, shekarunta kamar 10. Marainiya ce. Uwarta ta rasu tana da shekara 4, ubanta ya tafi ci-rani kudu bai komo ba, aka ba da ita riƙo a wani gida mai nisa. Shekara 3 ta yi a can. Sa'ad da kakarta ta je ta ɗauko ta, akwai tabon wuta a bayanta, da sawun igiya a wuyan hannuwanta. Ba wanda ya tambaye ta abin da ya faru, ita ma ba ta faɗa ba.

A aji shiru-shiru ce, ga ta da kan lissafi. Wata rana muna cikin darasi sai aka tsula wa wani yaro bulala a ajin da ke kusa, ya ƙwala ihu. Yarinyar nan ta ƙame, idanunta a buɗe amma ba mu take gani ba. Sai ta sulale ta shige ƙarƙashin benci, ta shiga magana da muryar ƙaramar yarinya, tana roƙo kada a rufe ta cikin rumbu. Muka kira sunanta, ta ce ba sunanta ke nan ba. Bayan kamar rabin sa'a ta fito, ta kakkaɓe rigarta, ta dube mu ta ce, "Malam, an fita tara ne?" Ba ta san kome ya faru ba. Daga baya muka lura littafinta na rubutu yana da hannu biyu: ɗaya tsaf-tsaf, ɗaya kuwa jagwalgwalon ɗan aji ɗaya. In an nuna mata na biyun sai ta yi kuka ta ce wani ne ya ɓata mata littafi.

Kakarta ba mai bi ba ce, tana riƙe da al'adar kakanninmu Maguzawa. Ta zo har makaranta ta ce, "Malam, wannan ba aikinku ba ne, ba kuma na allura ba ne. Mutanen ɓoye ne suke son abin hawa. A yi mata girka ta huta." Kawun yarinyar, wanda dattijo ne a ikkilisiya, ya ce muddin yana da rai goge da garaya ba za su shiga gidansa ba. Aka yi ta addu'a. Abin yakan zo sau ɗaya a wata, wani lokaci ya yi wata uku bai zo ba. Tsakanin zuwa da zuwa kuwa lafiyarta ƙalau: ta yi daka, ta yi noma, ta yi waƙa cikin ƙungiyar mawaƙa. Ta gama makaranta ta koyi ɗinki. Mu duka muka saba da abin, muka ce iskarta ce ta motsa.

Bayan girbin shekara ta 2019, tana da shekara 20, wani abu dabam ya zo. Wannan bai faɗo farat ɗaya ba, rarrafowa ya yi. Ta daina zuwa sujada. Ta bar keken ɗinki ya yi ƙura. Ta daina wanka da kitso. Ta ce mai karanta labarai a rediyo da ita yake, maƙwabta kuma sun zuba wani abu a rijiya domin su riƙa jin tunaninta. Ta ƙi cin tuwon da ba ita ta tuƙa ba, daga baya ta ƙi cin nata ma. Ta ce maza biyu suna bayan danga dare da rana suna zancenta. Wannan ba na rabin sa'a ba ne. Wata huɗu aka yi ba ranar da ta koma yadda muka san ta. Da ta fara fita da dare, sai aka sa mata mari a ƙafa. Muna cikin waɗanda suka gani suka yi shiru, ba kuwa za mu wanke kanmu ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Bari mu ajiye labarin kaɗan mu dubi abin da likitoci suka sani, gama sai da shi sauran labarin zai fito fili.

Ciwo na biyun nan shi ne likitoci suke kira sikizofireniya. Wani likita mutumin Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya raɗa masa sunan a shekara ta 1908, daga kalmomin Helenanci biyu masu ma'anar tsagewa da hankali. Sunan nan ya jawo ruɗami ba kaɗan ba, har masu ilimi da yawa suna tsammani mai sikizofireniya mutum biyu ne a jiki guda. Ba haka Bleuler yake nufi ba. Abin da ya gani shi ne tunani da ji da aiki sun daina tafiya tare, kamar shanun huɗa da kowanne ya ja nasa gefe. Mai wannan ciwo ya san sunansa, ya san jiya, ya san danginsa. Abin da ya ɓace masa shi ne iyaka tsakanin abin da ke akwai da abin da babu. Yakan ji muryoyi, yakan riƙe wani zato da ba hujjar da za ta kawar, maganarsa takan warwatse, zuciyarsa ta yi sanyi ga aiki da mutane. Yawanci yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, yakan kuma riga kama maza kafin mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekara ta 2022 cewa mutum miliyan 24 ne suke da shi, wato kamar mutum 1 cikin 300. Ku lissafa mutanen kasuwar Bichi ko ta Ɗambatta a ranar cin kasuwa, za ku ga ba baƙon ciwo ba ne. Gado yana da hannu a ciki, shan wiwi tun da ƙuruciya kuma yana ƙara hatsarinsa.

Na farkon, wato wanda ya sa ta shiga ƙarƙashin benci, shi ne ainihin wanda ya cancanci a ce tsagewa. Likitoci sukan taƙaita sunansa da haruffa uku, DID. Mu a nan za mu ce da shi ciwon rabuwar hali. Har zuwa shekara ta 1994 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka yana kiransa ciwon mutane da yawa, sa'an nan aka sake sunan, domin an gane ba mutane da yawa ba ne, mutum ɗaya ne da bai haɗu wuri guda ba. Alamominsa manya biyu ne. Mutum yakan koma wani hali dabam, da wata murya, wani lokaci da wani suna ko wasu shekaru. In ya dawo kuma sai a tarar da rami a tunaninsa, irin ramin da mantuwar yau da kullum ba ta haƙawa. Yawancin masu shi sun sha azaba mai tsanani a kai a kai tun suna ƙanana. Yaron da ake ƙonawa ba shi da ƙarfin gudu, ba shi da wurin kai ƙara. Abin da ya rage masa shi ne ya fice daga cikin kansa, ya bar wani ɓangare nasa ya ɗauki wutar. Dabarar da ta cece shi yana ɗan shekara 5 ita ce take zame masa ciwo yana babba.

A shekara ta 2013 littafin nan na Amurka ya ƙara wata magana da ta shafe mu ƙwarai. Ya ce a ƙasashe da yawa wannan ciwo yakan fito ne da kamannin hawan iska: mai shi da danginsa su ce wani ne daga waje ya shige shi. Amma littafin ya raba tsakani. 'Yar bori da ta shiga fage da saninta, aka kaɗa mata, ta hau ta sauka bisa ga al'ada, likita ba ya rubuta ta cikin marasa lafiya. Wannan zance ne na addini, mu masu bi kuwa mun san matsayinmu a kansa. Wanda likita yake dubawa shi ne wanda abin yake faɗo masa ba gayyata, yana wahalshe shi, yana ɓata masa karatu da aure da sana'a.

To, me ya sa ake ruɗa su? Domin dukansu biyu suna jin muryoyi. Wani likitan Amurka, Richard Kluft, ya nuna a shekara ta 1987 cewa alamun da aka daɗe ana cewa na sikizofireniya ne kaɗai, kamar jin muryoyi suna gardama ko jin wani yana sarrafa jikinka, suna da yawa a wurin masu rabuwar hali. Saboda haka mutane da dama sun yi shekaru suna shan maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba. Amma in an natsu akwai bambanci. Muryoyin mai rabuwar hali sau da yawa sun fara tun yana yaro, cikinsu kuma akan sami muryar yara. Na mai sikizofireniya yawanci sai ya girma suke zuwa. Mai rabuwar hali yakan rasa sa'o'i, ya tarar da aikin da hannunsa ya yi bai sani ba, amma in ya dawo zancensa daidai yake, ba ya cewa rediyo na bibiyarsa. Mai sikizofireniya ba ya rasa sa'o'i haka, amma zatonsa yana nan daram wata da watanni.

Ko su biyun suna iya haɗuwa a kan mutum ɗaya? Suna iyawa. Ba abin da ke cikin ɗayan da yake kare mutum daga ɗayan, kamar yadda mai farfaɗiya bai tsira daga ciwon sukari ba. Littattafan likitoci ba su hana a rubuta wa mutum sunayen biyu ba, in dai alamun kowanne sun cika, ɗayan kuma bai isa ya bayyana su duka ba. Har ma akwai inda saiwoyinsu suke gamuwa, gama bincike mai yawa ya nuna azabar ƙuruciya tana ƙara hatsarin ciwo irin na sikizofireniya ma. Sai dai haɗuwar ba kasafai ba ce. Abin da ya fi yawa shi ne ciwo ɗaya da aka ba shi sunan ɗan'uwansa. Likitan kirki ba ya gaggawar rubuta suna biyu. Zai fara kawar da farfaɗiya, da zazzaɓin da ya hau kai, da sanƙarau, da shaye-shaye, gama kowannensu yana iya sa mutum ya fita hayyacinsa.

Ranar da aka zubar da magani

A watan Maris na 2020 matan zumunta suka yi karo-karo, aka kwance marin, aka kai ta asibiti a birni. Likita ya ce sikizofireniya ce, ya ba da ƙwayoyi. Irin waɗannan magunguna ba sababbi ba ne: na farkonsu an fara aiki da shi a Faransa tun 1952. Ba su cire ciwon daga saiwa, amma suna kwantar da muryoyi da mugun zato, muddin ana sha. Kafin wata biyu ta fara cin tuwon gida. Mazan bayan danga suka yi shiru. Ta nemi a yi mata kitso. Ran Lahadi aka yi godiya a majami'a.

Ana nan, ran nan wani maƙwabci ya kama ɗansa da duka a tsakar gida, kuka ya tsallako danga. Sai ga ta a bayan randa, a dunƙule, tana roƙo da muryar nan ta 'yar shekara 4 kada a rufe ta cikin rumbu.

Kawunta ya aiko a kira mu. Ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Kuɗin mata ya tafi a banza. Da hauka ne da magani ya kashe shi. Tun da ga shi ya dawo, iskar nan ce tun ta dā. Shan ƙwaya kuwa rashin bangaskiya ne." Muka ce, "Baba, a yi haƙuri a koma wurin likita tukuna." Ya ce shuka ta kama, ba mai barin gona. Aka zuba sauran ƙwayoyin a masai, aka sa azumi na kwana uku.

Ba mu raina azumi ba, ba mu kuma ce ba aljannu ba. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin mutumin ƙasar Garasinawa a Markus sura 5, wanda Ubangiji ya 'yantar. Amma ku duba da kyau: sarƙa da mari da mutanen garinsu suka yi ta sa masa ba su amfana kome ba. Ku duba kuma Matiyu 4:24, inda aka jera waɗanda aka kawo wa Yesu, aka ambaci masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Mai rubutun bai zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Mu ne muke yin haka saboda gajiya. Luka da ya rubuta mana Bishara guda da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus kuwa bai ce ya bar aikinsa ba.

Kafin a yi maimai mazan bayan danga sun dawo, sun kuma fi dā mugunta. Suka ce mata ta faɗa rijiya. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya gan ta zaune a bakin rijiyar da asuba, ƙafafunta a ciki, ya yi kururuwa.

Da aka koma asibiti muka bi su, muka ɗauki tsohon littafinta na aji huɗu da muka adana. Ashe a zuwan farko ba wanda ya faɗa wa likita zancen ƙarƙashin benci, ko tabon wuta, ko gidan riƙo. Dangi sun ɗauka wannan sha'anin iska ne, ba ruwan asibiti da shi, ga kuma kunyar tonon asirin gida. Likitan ya daɗe yana duban hannu biyun nan na cikin littafi. Ya yi ta tambaya: tun yaushe, me yake tayar da shi, minti nawa yake yi, tana tunawa ko ba ta tunawa. Sa'an nan ya ce wa kawun, "Baba, maganin bai kāsa ba. Ya yi aikin da aka aike shi. Abin da kuka gani a bayan randa wani ciwo ne dabam, ya girmi wannan da shekara goma ko fiye, ƙwaya kuwa ba ta kai gare shi." Ya ce zai daɗa lura da ita kafin ya rubuta suna na biyu a takarda. Sai bayan zuwa da yawa ya rubuta.

A nan ne hatsarin yake ga kowane gida. In ciwo biyu ne aka ɗauka ɗaya ne, dole maganin ya zama kamar ya gaza, gama rabin wahalar tana nan. Mai cewa iska ce zai zubar da ƙwaya, sikizofireniya ta dawo da ƙarfinta. Mai cewa hauka ne kaɗai zai yi ta neman a ƙara ƙwaya, har mai ciwon ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, ƙaramar muryar kuwa tana nan ba ta gusa ba. Rabuwar hali ba ta da ƙwayar kanta. Maganinta zama ne da magana a wurin wanda ya koyi aikin, a hankali, shekara da shekaru. Matakin farko kuwa shi ne mai ciwon ya tabbata ba mai sāke dukansa, ko ɗaure shi, ko rufe shi. Ku auna da kanku abin da marin nan na wata huɗu ya yi wa yarinyar da aka taɓa ɗaurewa tana 'yar shekara 5. Haka nan taron mutum goma a kanta, ana ihu ana danne ta ana tsawata wa aljani: ga wanda ciwonsa tsoro ne ya haife shi, wannan ƙarin itace ne a wuta.

Ɗaurin nan ba a gidanmu kaɗai yake ba. A watan Agusta na 2020 'yan sandan Kano sun fito da mutane daga ɗakunan da danginsu suka kulle su shekara da shekaru, ƙasa duka ta ji. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana azabtar da mai taɓin hankali, har da ɗaure shi da sarƙa. Tun kafin doka ma, wani ɗan ƙasarmu, Likita Thomas Adeoye Lambo, ya nuna wata hanya a Aro kusa da Abeokuta daga shekara ta 1954: ya saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Zaman ƙauye irin namu, inda kowa ya san kowa, ba cikas ba ne ga jinya in mun ga dama. Ga mu kuma kusa da taimako: Dawanau tana bakin hanyarmu, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen masu wannan aiki. In za ku je, ku tafi da wanda ya san mai ciwon tun yana yaro. Ku rubuta ranakun da abin ya zo da abin da ya faru kafin ya zo. Ku faɗi har abin da kuke jin kunyarsa, har abin da kuke ganin na Fasto ne ba na likita ba.

Yanzu allura ake yi mata sau ɗaya a wata maimakon ƙwaya, zumuntar mata ce take biyan kuɗin mota daga asusun gyaɗarsu. Kawun da ya zubar da magani shi ne yake riƙe da katin asibiti a cikin Littafinsa Mai Tsarki, shi yake tuna wa kowa rana. Keken ɗinki ya koma aiki. Ƙaramar muryar ba ta tafi ba, takan zo in an yi tsawa ko an doki yaro a kusa. In ta zo, matar Fasto takan sallami 'yan kallo, ta zauna a ƙasa kusa da ita ba tare da ta taɓa ta ba, ta ce a hankali, "'Yata, nan gidan Kawu ne. Ƙofa a buɗe take. Ba mai rufe ki." Wani lokaci minti goma ya isa, wani lokaci sai an kai sa'a guda. A makarantarmu kuma, tun daga zangon da ya biyo bayan komawarmu asibiti, mun tattara bulalun azuzuwa duka mun sa a murhun mai dafa wa yara abinci.